Tafiyar Ƙasa da Matafiyi Shi Kaɗai a Tarihin Hausawa

Gabatarwa

Ran wata Asabar da sassafe na fito daga Hanwa da niyyar in taka da ƙafa har Dutsen Kufena, in hau, in sha iska, in komo. Kafin in ƙetare gadar Kubanni sai da masu babur uku suka tsaya mini. Biyu na farko da na ce musu tafiya kawai nake yi, sai suka dube ni sama da ƙasa suka wuce. Na ukun dattijo ne, shi ko cewa ya yi, "Ɗana, in kuɗin mota ne babu, hau in rage maka hanya saboda Allah." Na ce, "Na gode, Baba, ina da kuɗi, sha'awa ce kurum ta sa ni." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, Allah ya sawwaƙe," ya ja babur ɗinsa.

Wannan addu'a ta dattijon ita ce ta haifi wannan 'yar maƙala. Tun da na dawo nake tambayar kaina abu biyu. Na farko, me ya sa jikokin mutanen da suka taka har Gwanja da gaɓar Bahar Maliya suke yi wa mai tafiyar ƙasa don sha'awa kallon mai taɓin hankali? Na biyu, in an ce wane ya yi tafiya shi kaɗai a zamanin da, ina yake kwana, me yake ci, wa ke tsare shi? Za mu fara leƙa ƙasar Turawa, inda aka mai da tafiyar ƙasa hutu, kana mu dawo gida mu bi sawun fatake da almajirai da mahajjata, mu ga abin da ya sauya.

Yadda Turawa Suka Mai da Tafiya Hutu

Kada mai karatu ya zaci tun fil azal Bature yana yawon ƙauye don nishaɗi. A zamanin da, talakan Ingila da ya bi hanya a ƙasa ba shi da wata daraja, har akwai dokokin kama masu gararamba. Abin ya fara sauyawa ne bayan da aka samu jirgin ƙasa. Cikin 1830 aka buɗe hanyar jirgin fasinja tsakanin Libaful da Mancesta, kafin a jima hanyoyin jirgi suka game ƙasar. Da tafiyar ƙasa ta daina zama dole, birane kuma suka cika da hayaƙin masana'antu, sai mutane suka fara marmarin fita karkara ran hutu don su miƙe ƙafa.

A Jamus, cikin 1901, aka kafa wata ƙungiyar samari masu yawon daji da ƙauyuka a gefen birnin Balin. Wani malamin makaranta mai suna Richard Schirrmann ya ga wahalar makwanci da yara ke sha, ya buɗe gidan kwana mai rahusa na matasa matafiya a garin Altena cikin 1912, daga nan irin waɗannan gidaje suka bazu a duniya. A Ingila kuwa sai da aka kai ruwa rana, domin tuddai da dazuzzuka mallakar masu ƙasa ne. Ran 24 ga Afrilu, 1932, ɗaruruwan ma'aikata, yawancinsu daga Mancesta, suka kutsa tudun Kinder Scout da gangan ba da izini ba, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Cikin 1949 aka yi dokar da ta buɗe wa jama'a hanyar shiga karkara, a 1965 kuma aka buɗe wata doguwar hanyar ƙafa mai mil 268 a kan tuddan arewacin Ingila.

Abin lura a nan shi ne, sai da abubuwa uku suka haɗu kafin tafiya ta zama hutu: abin hawa ya wadata, ma'aikaci ya samu ranakun hutu, hanya kuma ta yi lafiya. Mu riƙe wannan, za mu bukace shi nan gaba.

Fatake

A ƙasar Hausa babu wanda ya kai farke sanin hanya. Babbar tafiyarsa a ƙarni na 19 ita ce ta Gwanja, watau arewacin ƙasar Gana ta yau, inda kasuwar Salaga take. Daga Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato ake tashi da kanwa da tufafi da jan fata da dabbobi, a komo da goro. Akan ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, a ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, a bi ta Yandi a faɗa Salaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan sana'a. Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji cikin 1877, da bin ayarin Gwanja ya fara tun yana saurayi.

Farke ba ya tafiya shi kaɗai. Ayari gari ne guda mai tafiya. Madugu shi ne shugaba, shi ke ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da gaisuwa, shi ke raba gardama. Jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka. Akwai malamin ayari mai duba ranar tashi, mai yin addu'a da rubuta wasiƙa da lissafi. Sa'an nan ga 'yan alaro masu ɗaukar kaya a ka, ga masu korar jakuna da takarkarai, ga mata masu dafa abinci. Tun da asuba ake ɗaura mangala, a yi ta tafiya har rana ta take, sa'an nan a yada zango.

Wannan kalma ta zango ita ce babbar shaidar da fatake suka bar mana. Asalinta wurin da ayari ke kwana, daga baya bukkoki suka zama gidaje, gidaje suka zama unguwanni. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake suka watsu zuwa Kete-Karachi da Kumasi da Ankara, har yau kuwa unguwar baƙi Musulmi a garuruwan Gana zango ake ce mata, Hausa ce kuma harshen cinikinta. Babu sarkin Hausa da ya ci waɗannan ƙasashe da yaƙi. Tafin ƙafar farke ne ya kai harshen can.

A cikin gari kuma akwai fatoma, watau mai saukar baƙi. Shi zai ba farke ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in rigima ta taso, ya samu la'adarsa. Ɗan koli da ke zaga kasuwannin ƙauye da allura da madubi da tozali, wanda sau da yawa shi kaɗai yake tafe, da wannan tsari ya dogara. Ya san gidan da zai sauka a kowane gari, sau da yawa ma gidan da ubansa ya saba sauka ne.

Almajiri da Gardi

In ana neman matafiyi shi kaɗai na haƙiƙa a tarihinmu, to, gardi ne. Yaro kan tashi a gaban malaminsa, in ya kawo ƙarfi sai ya nemi izini ya fita neman ƙari. Kayansa ba su da yawa: allo, da gafaka, da kurtun tawada, da buzu, da buta, da ƙoƙo, da sanda. Mai son ƙwarewa a Alkur'ani gabas yake nufa, watau ƙasar Barno. Mai son nahawu da lugga da fikihu kuwa sau da yawa Zariya yake yo wa tsinke, ya sauka a zaurukan malamai na cikin birni irin na Unguwar Juma da Kona.

Manyan malamanmu duk sun sha wannan tafiya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, har Agadas. Da malamin ya wuce Makka, Shehu ya komo gida domin bai nemi izinin mahaifinsa ba. Ƙanensa Abdullahi, wajen 1807, ana tsakiyar jihadi, ransa ya ɓaci da halin da ya ga jama'a sun fara shiga na son duniya, ya kama hanyar gabas da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano ne suka tsai da shi, a can ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki, daga bisani ya koma.

To, yaya gardi ke rayuwa a hanya ba shi da ko wuri? In ya isa gari da la'asar sai ya nufi masallaci ko zauren liman, ya yi sallama. Ba a tambayarsa takarda. Ana ganin allo da buzu an san ko shi wane ne. Da magariba ƙoƙon tuwo zai fito daga cikin gida, ya kwana a zaure, da safe ya yi wa masu gida addu'a ya wuce. In ya ga zai daɗe, sai ya yi ɗinkin hula, ko ya yi ƙodago a gona, ko ya yi wa mata rubutun sha. Zaure, wanda yau magina suka fara mancewa da shi, shi ne gidan kwanan matafiya na ƙasar Hausa, ba a kuwa biyan ko anini. Da Bahaushe ya ce baƙonka annabinka, dokar hanya ce yake faɗa, gama wanda ya sauki baƙo yau, gobe ɗansa ne baƙo a wani gari.

Masu Zuwa Makka a Ƙasa

Duk cikin tafiye-tafiyen Hausawa babu mai tsawo da tsanani kamar ta hajji. A zamanin da can, ta hamada ake bi, a ratsa Agadas ko Fezzan a faɗa Masar. Daga baya hanyar gabas ta fi karɓuwa, wadda ta bi ta Barno da Wadai da Darfur. Abin da ya ƙara cika ta da mutane shi ne zuwan Turawa. Da suka ci Sakkwato cikin Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a masu yawa suka bar gonaki da gidaje suka bi shi. Ran 27 ga Yuli, 1903, aka kashe shi a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har ƙasar Sudan, suka zauna a bakin Kogin Nilu kusa da Sinnar, garin da har yanzu ake kira Mai Wurno.

Hanyar da aka fi bi a zamanin Turawa ita ce daga Kano zuwa Maiduguri, sai Fort Lamy wadda yanzu ake kira Injamena, sai Abeshe, sai Janaina da Fashir da Ubayyid, sai Omdurman da Hartum, har Sawakin a gaɓar Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar ta fi mil 2,000. Mai niyya yakan biya basussukansa, ya bar wasiyya, ya bi dangi gida gida yana neman gafara, wani ma yakan sawwaƙe wa matarsa in ba za ta bi shi ba, domin babu wanda ya san ranar dawowa.

Talaka ba ya tashi da guzurin da zai kai shi. Sana'arsa ita ce guzurinsa. In kuɗi ya ƙare sai ya tsaya a gari ya yi wanzanci, ko yankan farce, ko ga-ruwa, ko ɗinki, ko ya nemi gona ya yi damina guda, in ya tara abin da ya tara ya ƙara gaba. Da aka buɗe babbar gonar auduga ta Jazira a Sudan cikin 1925, mutanenmu da yawa suka samu aikin tsinkar auduga a can. Ta haka tafiyar da aka yi wa niyyar shekara guda takan zama ta shekara biyar ko goma. Waɗansu sun mutu a hanya. Waɗansu sun faɗa hannun mayaudara, har aka sayar da 'ya'yansu a Hijaz, inda ba a soke bauta ba sai 1962. Waɗansu kuma sun yi aure sun hayayyafa a Cadi da Sudan, ba su kai Makka ba, ba su komo gida ba. Su ne ake kira Takari ko Fallata. Wani masani ɗan ƙasar Gana, Bawa Yamba, ya zauna da su, ya rubuta littafi a kansu cikin 1995, inda ya nuna cewa jikokin da aka haifa a Sudan suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanyar hajji, ko da yake kakanninsu ne suka taso.

A nan ma wanda ya fito shi kaɗai ba ya daɗewa shi kaɗai. Kowane babban gari a hanyar yana da zangon Hausawa da shugabansa. A can zai ji labarin rijiyoyin da ke gaba da inda 'yan fashi suke, a can zai samu abokan tafiya, a can kuma zai bar saƙo ga mai komawa gida.

Haɗarin Hanya

Kada daɗin labari ya sa mu ce zamanin da lafiya lau ne. Dalilin da ya sa ake jiran ayari shi ne tsoro. A ƙarni na 19 mayaƙan Ningi sun addabi gabashin Zazzau da kudancin Kano, na Maraɗi suna kawo hari daga arewa, a ƙarshen ƙarnin kuma mutanen Kwantagora suka matsa wa yammacin Zazzau. Wanda aka tsinta shi kaɗai a daji, kasuwar bayi ce makomarsa. Baba ta Karo, wata tsohuwa wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta a 1949 da 1950, ta ba da labarin yadda mahara suka kama danginta, da yadda aka yi ta fafutukar tara kuɗin fansa. A littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma, uwar Umar da ta fita ita kaɗai neman ɗanta a cikin bauta ta ƙare, can ƙetaren hamada. Ƙagaggen labari ne, amma masu karatun farko ba su ga ƙarya a ciki ba, don sun san irinsa.

Sarakuna ma ba su barin baƙo ya yi ta yawo yadda ya ga dama. Misali mai kyau ya faru a nan ƙasar Zazzau. Cikin Afrilu 1827 Baturen nan Clapperton ya mutu a Sakkwato, ya bar baransa Richard Lander, saurayi ɗan shekara 23. Lander ya komo Kano, daga nan ya yanki hanyar kudu da nufin ya kai Fanda ya bi Kwara har teku. Ya yi nisa ƙwarai, ya kai wajen Darroro, sai ga mahaya daga Sarkin Zazzau, a zamanin Yamusa ke nan, suka juyo da shi Zariya. Dalilin da aka ba shi shi ne ana yaƙi a inda ya nufa, in ya je ba zai fita da rai ba. Daga Zariya aka sallame shi ya bi hanyar da suka zo, ya isa Badagiri cikin Nuwamba na shekarar.

Littattafan Turawa sukan nuna irin su Lander kamar jarumawan da suka ratsa daji su kaɗai. Gaskiyar magana, hanyar fatake suka bi, a gidajen fatoma da na sarakuna suka kwana, 'yan ƙasa ne kuma suka yi musu jagora. Tare da Lander akwai wani dattijo Bagobiri mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko, shi ne tafintansa, ya kuma sake raka shi cikin 1830 sa'ad da suka bi Kwara har bakin teku. Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya iso Kano cikin 1851, daga baya a cikin barorinsa aka samu wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram mai suna Dorugu. Wannan yaro ya je Tambutu, ya ƙetare hamada zuwa Tarabulus cikin 1855, ya ga Ingila da Jamus. Labarin da ya bayar da bakinsa ya fito a littafin Magana Hausa na Schön cikin 1885, yana kuwa cikin labaran tafiya mafiya tsufa da muke da su a rubuce da Hausar boko. A Kano ya rasu cikin 1912.

Zuwan Jirgi da Mota

Cikin 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya ta wuce Kano. Tafiyar kusan mil 100 da mai kaya kan yi wajen mako guda yana yi ta koma ta yini ɗaya. Goro ya fara zuwa ta jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can a ɗoro shi a jirgin ƙasa, ayarin Gwanja ya mutu a tsaye. Zariya ta zama mahaɗar jirage, ɗaya ya nufi Jos, daga baya wani ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda. Sabon Gari ya tsiro a gefen tasha, Tudun Wada kuma ta zama mazaunin baƙi 'yan Arewa da ba 'yan birni ba. Ashe ita kanta Tudun Wada zango ce irin ta sabon zamani.

Hajji ma ya sauya. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je ta jirgin ruwa cikin 1921, ya biya ta Ingila. Cikin 1948 waɗansu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da ake kira WAPA, sunan da har yau ake kiran wani wuri a Fagge da shi. Da motoci suka fara, daga baya jirgin sama ya karɓe. Wanda ya rage a kan hanya da ƙafa shi ne wanda ba shi da kuɗin mota: ɗan ci-rani mai zuwa haƙar kuza a Jos don ya samu kuɗin haraji, da almajiri, da Bafulatanar da ke kai nono kasuwa.

Hanwa ta ga wannan sauyi da idonta. A 1966 da 1967 masu binciken tattalin arzikin karkara na Samaru, a ƙarƙashin David Norman, sun zaɓi ƙauyuka uku don nazari, watau Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. Sun zaɓe su ne bisa ga sauƙin isa birni daga kowannensu, Hanwa ce kuwa ta kusa. A lokacin ƙauye ce ta manoma da Fulani masu shanu. Yau gari ya haɗiye ta, gonakin sun zama gidaje, mai zuwa Kwangila ma sai ya tsai da babur.

Sabon matafiyin da ya fito a wannan zamani ɗan boko ne, a jirgi kuma ya tafi. Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wanda ya yi zamansa a nan Zariya, ya je Ingila cikin 1943 tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya biyo baya da Motsi Ya Fi Zama cikin 1955. Ko a sunayen littattafan mai karatu zai ga cewa har wa yau tafiya a wurinsu neman wani abu ce.

Ga amsar tambayarmu ta farko ke nan. A wurin Bahaushe tafiya tana da dalili: ciniki, ko ilmi, ko ibada, ko zumunci. Wanda ya fita ba da ko ɗaya ba, yawon banza ya tafi, ba a kuwa ba irinsa 'ya. Da mota ta zo, sai tafiyar ƙasa ta zama tambarin rashi. Ko Sulaiman Hashimu, wanda ya taka daga Ikko zuwa Abuja cikin 2015, jama'a sun karɓe shi ne domin alkawari ya ɗauka cewa zai yi haka in Muhammadu Buhari ya ci zaɓe. Da ya ce sha'awa ce kurum, da addu'ar dattijon nan shi ma zai samu.

Kammalawa

In mun koma ga sharuɗɗa ukun nan da muka ambata, za mu ga abin hawa ya samu, ɗalibi da ma'aikaci kuma suna da hutu. Na ukun ne ya kuɓuce mana. A shekarun baya-bayan nan satar mutane don kuɗin fansa ta dawo dazuzzukan Birnin Gwari da Giwa da Zamfara, har jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna aka tare ran 28 ga Maris, 2022. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023 ya ci garuruwan da mahajjatanmu suka saba yada zango, irin su Janaina da Fashir. Labarin da Baba ta Karo ta bayar kamar tsohon zance, yau shi ne labarin rediyo. Bambancin kawai shi ne, mutanen da suna da madugu da zango da zaure, mu kuwa mun sake su ba mu kama wani abu a madadinsu ba.

Akwai aiki biyu da ba su fi ƙarfin ɗalibi ba. Na farko, waɗanda suka je Makka a ƙasa ko a bayan babbar mota saura ƙalilan, 'ya'yansu da suka ji labari daga bakinsu su ma sun manyanta. Kowane ɗayanmu in ya je hutu ya nemi irin waɗannan dattawa a unguwarsu, ya tambaye su sunayen zangunan da suka kwana, da sana'ar da suka yi a hanya, da waɗanda suka bari a can, ya rubuta da Hausar da suka faɗa. Tarihin sarakuna yana da marubuta, na matafiya kuwa in ba mu rubuta ba zai bi masu shi kabari. Na biyu, mu san ƙasar da muke zaune a kanta. Akwai wanda zai yi shekara huɗu a Samaru bai taɓa zaga ganuwar Zariya ba, bai hau Kufena ya ga kufan mutanen da suka riga birnin zama ba. Ba sai an yi nisa ba, ba kuma sai mutum shi kaɗai ba. A tafi mutum biyar ko shida, da rana, a tambayi lafiyar hanya kafin a tashi, in an isa a fara gai da mai unguwa, yadda fatake ke yi.

Ni dai ran nan na kai Kufena, na hau, na hango birni da hasumiyoyinsa. A kan hanyar dawowa ƙishirwa ta kama ni, na yi sallama a ƙofar wani gida. Wata tsohuwa ta aiko yaro da ruwa a kwanon sha, ta ɗaga murya daga ciki ta ce, "Sannu da hanya, ɗan nan. In ba ka sauri ka zauna a inuwa, fura na nan zuwa." Ba ta tambayi sunana ba, ba ta tambayi garinmu ba. Na zauna na jira furar.

Allah ya ba mu lafiyar hanya, ya jiƙan waɗanda suka tafi ba su komo ba, amin.